Zanin gado, labule da riguna masu kashe ƙwayoyin cuta: sun cancanci kuɗinsu a asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ce shugabar ma'aikatan jinya a wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa, muna da ɗakin haihuwa da tiyata da ɗakunan kwanciya. Wani dillali ya kawo mana samfurin zannuwan gado, labulen tsakanin gadaje da rigunan ma'aikata, ya ce da azurfa aka haɗa zarensu, suna kashe kashi 99.9 cikin ɗari na ƙwayoyin cuta. Kuɗinsu ya ninka na waɗanda muka saba saye. Mai asibitin yana jiran shawarata. Da gaske ne suna hana marasa lafiya ɗaukar cuta?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri da kika tsaya bincike kafin a fitar da kuɗi.

Ba lallai ne dillalin nan ƙarya yake yi ba. Akwai yadudduka da ke kashe bakteriya, an gwada an gani. Sai dai abin da ke gabanki daban ne: ɗinkin wadda aka yi wa aiki kada ya yi ruwa, mai jego kada zazzaɓi ya rufe ta kwana uku bayan haihuwa, jariri kada cuta ta shiga jininsa. Cewa irin wannan yadi yana rage waɗannan, har yau ba a samu hujjar da za a tsaya a kai ba. Shawarata kada ku sayi zannuwan da rigunan. Labule kuwa akwai magana a kansa, zan zo wurin.

Damuwar da ta sa kuka saurari dillalin tana da tushe. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce a cikin kowane mutum 100 da aka kwantar a asibiti, 7 a ƙasashe masu arziki da 15 a ƙasashe irin namu za su ɗauki wata cutar da ba da ita suka zo ba, kuma kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka ɗauka ita ce ajalinsa. Tufafi suna da hannu a ciki. A shekarar 2000 masu bincike a wani asibitin ƙuna da ke Cincinnati a Amurka sun ɗiga ƙwayoyin cuta a kan yadudduka iri-iri na asibiti suka bar su suka bushe. Duk sun kwana da rai, wasu kuma sun yi makonni har watanni, musamman a kan yadin roba irin su foliyesta. A 2012 aka rataya sababbin labule 13 a asibitin Jami'ar Iowa. Kafin mako ya zagayo 12 daga ciki sun kwashi ƙwayoyi masu haɗari. Ke ma kin san dalili: nas ta wanke hannu tas, ta ja labule, sannan ta taɓa kanular mara lafiya, wato robar ƙarin ruwa da ke cikin jijiyarsa. Zanin gado ana canza shi idan an sallami mutum, labule kuwa a wurare da yawa sai ya yi dauɗar da ido ke gani sannan a tuna da shi.

Yadda yadin ke aiki ba wani sirri ba ne. Mafi yawa ana cusa ƙananan ɓurɓushin azurfa ko na jan ƙarfe a cikin zaren tun ana narka shi, ko kuma a shafa a bayan saƙa. Idan danshi ya taɓa, ƙarfen yana sakin 'yan ƙwayoyinsa kaɗan-kaɗan, su huda fatar bakteriyar, su lalata sinadaran da take numfashi da su. Wasu kamfanonin suna manna wa zaren dangin sinadarin nan da ke cikin magungunan goge daɓe da tebur, wanda ke fasa bakteriyar da ta kwanta a kansa. Da can ana yawan amfani da tirikulosan, amma tun da hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta hana sa shi a sabulun wanke hannu a 2016 kasuwarsa ta ja baya. Akwai kuma wani nau'in da ke riƙe kulorin a jikin zaren, duk lokacin da aka wanke shi da bilic sai ƙarfinsa ya dawo. Duk cikinsu, musamman masu ƙarfe, abu biyu suke buƙata: danshi da lokaci.

A nan ne kashi 99.9 ɗin nan yake fitowa. Gwaje-gwajen da kamfanoni suka fi dogara da su, irin su AATCC 100 da ISO 20743, ga yadda ake yin su: a yanki ɗan ƙyalle, a jiƙa shi da ruwa mai ɗauke da bakteriya, a rufe a kwalba don kada ya bushe, a ajiye a ɗumin digiri 37 na awa 18 zuwa 24, sannan a ƙirga waɗanda suka rage. Lambar gaskiya ce, amma a wannan yanayin. Kamar mutum ne ya gwada iri a fadama, ya zo yana yi maka alkawarin irin wannan yabanya a jigawa. A ɗakin kwanciya labule busasshe ne, hannu yana taɓa shi ya wuce jikin mutum cikin daƙiƙa kaɗan, ba awa 24 ba. Kuma abin da ke zuba a zanin gado jini ne da ruwan haihuwa da mugunya da bayan gida, waɗanda ke lulluɓe ƙarfen su dakushe shi. Sannan akwai ƙwayoyin da ke shiga wani ƙwanso mai tauri su yi kwanton ɓauna, kamar Clostridioides difficile mai kawo gudawa bayan shan maganin kashe bakteriya. Irin waɗannan ba su cika jin azurfa ba. A Amurka ma doka ta raba abin gida biyu: kamfani na iya cewa sinadarin yana kare yadin kansa daga wari da ruɓewa ba tare da wata rajista ta musamman ba, amma ba shi da ikon cewa yana kare lafiyar mutum sai ya kawo hujja daban an yi masa rajista. Ki karanta takardar dillalin da kyau, sau da yawa za ki tarar alkawarin farko kawai aka rubuta, na biyun a baki yake.

Da aka fito da kayan daga ɗakin gwaji aka sa wa mutane, labari ya canza. Gwajin da na fi yarda da shi shi ne na Jami'ar Duke a 2017. Ma'aikatan jinya 40 na sashen masu tsananin ciwo kowacce ta yi aikin awa 12 sau uku: sau ɗaya da rigar da aka saba, sau ɗaya da mai azurfa, sau ɗaya da mai dangin sinadarin goge daɓen nan, ba tare da ta san wacce ce a jikinta ba. Aka auna hannun riga da aljihu da gaban riga kafin aiki da bayan an tashi. Babu wani bambanci. A Denver ma a 2013 an gwada da ma'aikata sama da 100 bayan aikin awa 8, sakamakon ɗaya ne. Akwai dai wani gwaji a jihar Bajiniya a 2012 da ya ga raguwa sosai ta MRSA, wata bakteriya da ba ta jin magunguna da yawa, a kan wata riga da ta haɗa sinadari da hana ruwa shiga, amma sauran ƙwayoyin ba su ragu ba. Kuma ki lura, duk ukun riga aka auna, ba a ƙirga marasa lafiyar da suka tsira ba.

Zanin gado kuwa, labarin da dillalai suka fi so shi ne na wani asibiti a Norfolk, shi ma a Bajiniya, da aka wallafa a 2016: an ga raguwar kashi 78 cikin ɗari na cututtukan da ba sa jin magani da na Clostridioides difficile, a haɗe, a sashen da aka sa kayan jan ƙarfe. Abin da ba sa faɗa shi ne, sashen sabon gini ne fil, kuma ba zannuwa kaɗai aka sa ba, har da tebura da hannuwan gado da wurin wanke hannu. Wa zai iya raba aikin zani da aikin sabon gini? Bayan shekara biyu, a 2018, aka gwada zannuwan jan ƙarfe su kaɗai a wani asibitin masu doguwar jinya a wannan jihar, ba a ga raguwa ba. Wasu ƙananan bincike daga Isra'ila sun nuna amfani, amma da yawansu da hannun masu yin kayan a ciki. Ban ce ba za a taɓa tabbatar da amfaninsu ba. Ko a tiyata, zaren ɗinki mai tirikulosan ya samu goyon bayan Hukumar Lafiya ta Duniya a 2016, duk da cewa da sharaɗi, saboda an yi gwaje-gwaje da yawa a kan mutane aka ga ɗinki ya rage ruɓewa. Irin wannan hujjar ce zanin gado bai kawo ba tukuna.

Labule shi ne inda nake ganin hankali zai iya ɗauka, domin shi ne kayan da ake taɓawa kullum amma ba a wankewa kullum. Mutanen Iowa ɗin nan sun sake gwaji a 2012 da labule mai sinadari: na gama-gari yakan gurɓata cikin kwana 2, mai sinadarin sai wajen kwana 14. Wannan riba ce ta gaske. Amma da aka yi nisa cikin makonnin gwajin bambancin ya dushe. Wato labulen yana saya muku 'yan kwanaki ne, ba ya ɗauke muku wanki.

Wankin ma shi ne babban abin da nake so ki tsananta tambaya a kai. A 2008 masu bincike a Jami'ar Jihar Arizona sun wanke safa masu azurfa iri-iri, wasu sun zubar da kusan duk azurfarsu cikin wanki huɗu, wasu kuma sun riƙe. Wanda aka cusa a cikin zare ya fi daɗewa a kan wanda aka shafa a sama. Ga kuma wata matsala da ta shafe mu kai tsaye: yawancin kaya masu azurfa ba sa shiri da bilic, kamfanonin da kansu suke hana amfani da shi. To asibitin da ba shi da injin wanki mai tafasa ruwa, bilic shi ne makaminsa. Idan aka ce ku daina jiƙa zanin ɗakin haihuwa a kulorin don kada azurfa ta lalace, an karɓe muku abin da aka tabbatar yana aiki an ba ku wanda ake zato. Wannan kaɗai ya ishe ni in ce a'a.

Idan muka duba inda zannuwa suka taɓa kashe mutane da gaske, za mu ga ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsakanin 2008 da 2009 yara biyar sun rasu a wani asibitin yara a New Orleans sakamakon wata funfuna mai cin nama, aka bi sawu har zuwa zannuwan da aka wanke, waɗanda suka gurɓata bayan wanki. A 2015 irin wannan ta kama mutum shida masu raunin garkuwar jiki a wani asibiti a Hong Kong, nan ma daga wurin wanki ne, inda ƙura da danshi suka yi yawa. A Landan da Japan an samu ɓarkewar ƙwayar Bacillus cereus daga zannuwa da tawul da aka bari a jiƙe cikin zafi kafin a wanke. Kowanne daga cikinsu laifin wanki ne ko shanya ko ajiya. Ki kwatanta da namu: da damina a kwashe zani bai gama bushewa ba a ninke a tura kabad; da hunturu a shanya a waya kusa da hanya ƙura ta rufe shi; keken da ya kai masu datti shi zai dawo da wankakku.

Akwai kuma abin da ke damuna a matsayina na wanda ke kallon sakamakon gwajin ƙwayoyi kullum. Bakteriya tana koyon jure azurfa kamar yadda take koyon jure magani. Tun 1975 aka ga haka a sashen ƙuna na wani babban asibiti a Boston, inda wata Salmonella mai jure azurfa ta kashe mutum uku har aka rufe sashen, kuma abin da ya ba ta wannan juriyar yana tafe ne tare da juriyar magunguna da dama. Mu ne muka fi kowa shan wahalar wannan matsala: binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 kai tsaye saboda bakteriyar da ba ta jin magani, kuma Afirka ta Yamma ce ke kan gaba, da kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Azurfa tana da amfani a wurin ƙuna da wasu raunuka. Ba na son a shimfiɗa ta kaɗan-kaɗan a kowane gado, tana zuba a kwata da kowane wanki, ba tare da ribar da aka tabbatar ba.

Ki ja kunnen ma'aikatanki a kan abu ɗaya ko da wani ya ba ku rigunan kyauta. Riga mai kashe bakteriya ba rigar kariya ba ce. Zazzaɓin Lassa yana kama ma'aikatan lafiya a Najeriya kusan kowace shekara, galibi ta jini da ruwan jikin mara lafiyar da ba a zarga ba, kuma sau da yawa a tiyata ko ɗakin haihuwa. Abin da ke tsare mutum a nan shi ne rigar da ruwa ba ya ratsawa, da safar hannu, da takunkumi, da kariyar ido. Jini idan ya ratsa yadi ya isa fata nan take, ba zai jira azurfa ta yi aikinta ba.

Da ni ne mai asibitin ya ba wannan kuɗin, da katifa zan fara. Ki zaga ki ɗaga kowane zani ki duba ledar katifa: duk wadda ta tsage ko ɗinkinta ya buɗe, jini da fitsari sun riga sun shige soso, kuma mara lafiya na gaba idan ya kwanta nauyinsa zai matso su waje. Ko a Amurka hukumar abinci da magunguna ta samu rahoto sama da 700 na irin wannan tsakanin 2011 da 2016. Babu zanin da zai gyara ruɓaɓɓiyar katifa. Bayan haka a ƙara yawan zannuwa na auduga na gama-gari, waɗanda za a iya yankowa a Kantin Kwari tela ya ɗinka, har kowane gado ya samu na shimfiɗa da na wanki da na ajiya, don kada ƙarancin zani ya sa a bar mai datti ko a shimfiɗa mai danshi.

Sai wurin wanki. Idan akwai inji mai zafi, ƙa'idar Amurka ita ce digiri 71 na minti 25, ta Ingila kuwa digiri 65 na minti 10 ko 71 na minti 3. Idan da hannu ake yi, a fara kawar da ƙazantar, a wanke da omo da ruwan zafi, sannan a jiƙa minti 30 a ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.05 cikin ɗari. Bilic ɗin kasuwa mai kashi 3.5, awo 1 ake zubawa a awo 69 na ruwa. A duba jikin robar domin ƙarfinsu ya bambanta, kuma a haɗa sabo kullum. A ɗauraye, a shanya a rana har ya bushe ƙayau, a goge da dutsen guga mai zafi, a ajiye a rufe nesa da ƙasa. Masu wankin nan, waɗanda galibi ba a tunawa da su, a ba su safar hannu mai kauri da rigar leda da takalmin roba, a yi musu rigakafin ciwon hanta. Wajen cire zani kuma kada a kakkaɓe, a naɗe shi ciki, kada a rungume shi a ƙirji.

Ga kuma abin da babu wani bincike na Turai da zai gaya miki: a asibitocinmu rabin yadin da ke ɗaki ba na asibiti ba ne. 'Yan jinya suna zuwa da zani da bargo da filo da tabarma, a shimfiɗa a ƙasa da dare a ɗora a gado da safe, a wanke a famfo ɗaya da kwanukan abinci. Ba za a hana su ba, domin su ne ke riƙe da rabin jinyar, amma a ware musu wurin wanki da igiyar shanya, a nuna musu abin da ba ya hawa gado. A ɗakin jarirai da na waɗanda aka yi wa aiki kuwa, kayan asibiti kaɗai. Ma'aikata su ma, rigar aiki a canza ta kullum, kada a tafi da ita gida a jiki a ɗauki yara. Hijabin aiki ya zama gajere wanda ake cusawa cikin riga, a wanke shi kullum tare da ita, domin dogon yana sharar gado da rauni duk lokacin da aka sunkuya. Sannan ruwa da sabulu ko sanitaiza a kusa da kowane gado. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya nuna rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su cika wannan ba.

In duk wannan ya samu kuma kuɗi ya ragu, to a gwada labulen a wuri ɗaya, kamar ɗakin da ake kai waɗanda suka fito daga tiyata. Kafin a biya, dillalin ya kawo a rubuce: wane sinadari ne, a cikin zare yake ko shafe ne, wane ɗakin gwaji mai zaman kansa ya auna shi, bayan wanki nawa aka sake aunawa, kuma ya halatta a sa masa bilic ko a'a. Ki nemi shaidar rajistar NAFDAC tunda maganar lafiya yake yi, ki tambayi abin da aka sani game da ƙaiƙayi ko borin fata, musamman ga jarirai. Idan ya ce yana rage kamuwa da cuta, ya nuna binciken da aka ƙirga marasa lafiya, ba ƙyalle a kwalba ba. Ku rubuta ranar ratayawa a gefen kowane labule, ku tsayar da lokacin sauke shi, kuma a sauke nan take idan ya ɓaci ko an sallami mai cuta mai yaɗuwa. Tun kafin a rataya, ki buɗe littafi ki riƙa rubuta duk ɗinkin da ya yi ruwa da duk zazzaɓin da ya taso bayan kwana biyu da kwanciya, tare da adadin waɗanda aka yi wa aiki a watan. Ƙaramin asibiti ba zai tara adadin da zai yanke hukunci a kan labule ba, amma littafin zai nuna miki ɗakin da matsala take da watan da take ƙaruwa, kuma da shi za ki je wa mai asibitin idan za ki nemi kuɗin katifa da injin wanki.